Kishin Ciwon Yaya Saratu

A gidanmu ba a ƙirga shekaru da lamba. Sai dai a ce shekarar da rijiya ta rufta, ko shekarar da aka yi wa majami'a rufin kwano. Ku ma kun taso kuna jin ana cewa "shekarar ciwon Saratu", kuma ina ganin irin kallon da kuke yi wa Innarku Saratu in an faɗa, kamar wadda ta dawo daga yaƙi. Ba ƙarya aka yi muku ba, ta yi ciwo. Amma mu biyu muka yi ciwo a shekarar nan, a ɗaki ɗaya, a kan tabarma ɗaya, sunan mutum ɗaya kawai shekarar ta ɗauka. Na daɗe da barin maganar a haka. Abin da ya sa na ɗauki biro yanzu shi ne, ran nan na ji auta tana gaya wa ƙawarta, "Mamanmu dutse ce, ba abin da ke damunta." Kalmar da kakarku ta yi ta faɗa a kaina ke nan. Ina jin ta muƙamuƙina ya ɗaure, kamar yadda yake yi a wancan lokacin.

Unguwarmu 'yar ƙarama ce a gefen wani ƙauye ta wajen Bagwai, gidajen Kirista kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi. Gona na jingine da gona, ba inda za ka jefa dutse bai faɗa cikin shukar wani ba. Baba, wato kakanku Ishaku, manomi ne kuma dattijon ikilisiya. In fasto ya yi tafiya shi ke riƙe sujada. Mu biyu Allah ya bar wa Mama: Yaya Saratu, sai ni Rifkatu a bayanta. Yaya mai baki ce, mai murya, ita ke ba da waƙa mu amsa, kuma tana makarantar kwana a birni tana shirin jarrabawar gama sakandare. Ni kuwa ina aji uku a makarantar jeka-ka-dawo, kuma in baƙo ya yi sallama ni ce ke shigewa bayan rumbu. Ba na magana, sai kallo. Na san wace kaza ce ke ƙwai a ina, na san in Mama ta ɗaura ɗankwali ya rufe goshi to ranta a ɓace yake, na san tarin Baba na gaske da wanda yake yi in yana son a yi shiru.

Da bazara ta yi tsanani, wata malama ta kawo Yaya gida a mota, da akwatinta da daron wankinta, jarrabawa ba ta ma zo ba. Ban gane ta ba da farko. Wuyanta ya yi tsawo, idonta ya faɗa. Ba ta barci, ba ta cin abinci, zuciyarta na bugawa kamar ana daka a ƙirjinta, in ta buɗe littafi sai ta fashe da kuka ba wanda ya taɓa ta. Baba ya dube ta, ya ce gida duka za mu shiga azumi da addu'a. Labari ya kai wa Gwaggo Tabita, yayarsa, wadda ke shugabantar matan zumunta. Ta zo da sandarta, ta zauna a kan turmi ba ta jira tabarma ba.

"Ishaku, yarinyar da ta manta rabonta da cinye malmalar tuwo, ita za ka sa azumi? Ai tun daga makaranta take azumin, ba ka gani ba ne?"

"To Yaya Tabita, me za mu yi in ba addu'a ba?" in ji Baba.

"Addu'a za mu yi har gwiwa ta yi kanta. Amma annabin nan da ya gudu jeji ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa, da Ubangiji ya aiko masa mala'ika, wa'azi aka fara yi masa? Abinci aka ba shi da ruwa, aka bar shi ya yi barci, aka sake tashinsa ya ci. Magana sai daga baya. Ko ka fi Ubangiji sanin tsari ne? Kai ta asibiti."

Baba ya yi irin tarin nan nasa, amma washegari ya ɗauke ta a keke suka tafi Bagwai. Malamin asibitin ya auna jini bai ga zazzaɓi ba. Sai ya tambaye ta yadda take karatu, ta gaya masa: takan zuba ruwan sanyi a daro ta tsoma ƙafafu don kada barci ya ɗauke ta, ta sha kofi, ta tauna goro, ta wuce aji ba karin kumallo. Ya ce damuwa ce ta taru ta yi mata yawa, tsoron faɗuwa ya hana jiki sauka, shi kuma jiki ba ya gardama da baki, ramawa yake yi. Ya ce ta ci abinci a kan lokaci ko ba ta jin yunwa, ta kwanta da wuri, a raba ta da kofi da goro, littafi sai da safe kuma kaɗan, a ɗauke mata aiki mai nauyi. Ya ƙara da abin da ya zame mini ƙaya: kullum da yamma ta fita ta taka ƙafa, tare da wanda hankalinta ya kwanta da shi. Baba ya ce shi zai riƙa fita da ita.

Daga ranar gidan ya juya ya fuskanci Yaya, kamar yadda shuka ke juyawa wajen rana. Aikin da muke rabawa in tana hutu, da wanda Mama ta bari don jinya, duk ya dawo kaina: ɗiban ruwa, surfe, tankaɗe, shara, wanke-wanke, itace. Ban ƙi aikin ba, na saba. Abin da ya fara ci mini rai ƙwai ne. Damina ta faɗi, zabi sun fara ƙwai, Mama ta ce kullum a dafa wa Yaya ɗaya. Ni ke dafawa, ni ke ɓarewa, ni ke kai mata a ƙaramin kwano mai bakin shuɗi. Ɗan farin da ke maƙalewa a jikin ɓawo, shi nake kankarewa da haƙori a bayan ɗaki. Sai addu'ar safe. Baba zai durƙusa ya kira sunan Saratu, ya roƙa mata barci, ya roƙa mata ci, ya roƙa mata salama, muryarsa na rawa, ya daɗe a kanta. Sannan a ƙarshe ya ce, "da sauran mutanen gida." Ni ce sauran mutanen gida, ni da Mama da awaki. A hanya ma haka. Inna Habi, maƙwabciyarmu mai fura, mace mai kirki, kullum sai ta aiko wa Yaya da curi biyu ba ko sisi, kuma duk safiya in na wuce ƙofarta da tulu a ka sai ta ce, "Rifkatu, ya mai jiki?" In ce da sauƙi. Gari duka ya mai jiki yake tambayata. Na zama kamar allon sanarwa a ƙofar asibiti.

Ni ma kuwa ina da tawa jarrabawar. Malaminmu na lissafi ya sa sunana cikin waɗanda za su zauna jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata, wadda sau ɗaya ake ba ɗalibi dama, a ƙarshen aji uku. Shi ne abu na farko a rayuwata da aka zaɓe ni ba don ni ƙanwar Saratu ba ce. Da na gaya wa Baba ya ce Allah ya taimaka, idonsa na kan ƙofar ɗakin Yaya. Sai na ƙudura a raina cewa in na ci, dole a kira sunana a gidan nan. Amma ba ni da lokacin karatu sai bayan an kwanta, lokacin kuma idona rufewa yake yi. Daron Yaya na nan kife a bayan ɗaki, ba mai amfani da shi. Na ji duk abin da malamin asibiti ya faɗa a kansa. Duk da haka na ɗauka, na zuba ruwan randa, na tsoma ƙafafuna. A lokacin Yaya ta fara samun barci, tana numfashi a hankali kusa da ni, ni kuma ina kallonta ina jin haushin kowane numfashi.

Kafin gero ya kai ƙugu na fara tashi da muƙamuƙi a ɗaure, kamar na kwana ina tauna tsakuwa. Cikina na zafi ta sama, in na ci abinci ya lafa, can ya dawo. Na cinye faratana har nama. In ina karatu hannuna na kai wa gefen kaina yana tsinkar gashi ban sani ba, har wuri ya buɗe kamar faɗin kwabo, na riƙa jawo ɗankwali ina rufewa. A aji in na riƙe biro hannuna rawa yake yi, lissafin da na sani kamar sunana sai ya zube. Na san sunan abin, tunda a gabana Baba ya maimaita wa Mama abin da aka faɗa wa Yaya. Amma ita ciwonta mota ce ta kawo shi, da malama, da kuka. Nawa ba shi da ƙara. Na yi fatan in yanke jiki in faɗi a tsakar gida, ƙafafuna suka ƙi. Wata rana na gwada. Na zauna kusa da murhu na haɗa kai da gwiwa, ina jira Mama ta fito ta gani. Ta fito, ta tsaya, ta dafa kafaɗata. Zuciyata ta yi tsalle.

"Rifkatu, in kin huta ki duba wutar nan, tana neman mutuwa."

Ta juya wajen Inna Habi da ta leƙo ta kan danga. "Wannan ai dutse ce. Ba don ita ba, da ban san yadda zan yi ba a shekarar nan."

Yabo ne, kuma da zuciya ɗaya ta yi shi. Amma wa zai tambayi dutse ya jiki?

Duk wannan bai kai mini tafiyar yamma ba. In rana ta yi sanyi Baba zai wanke ƙafa, ya sa takalminsa na roba wanda dunduniyar hagu ta cinye, ya tsaya a zaure ya ce, "Saratu, mu je." Ni ina surfe, ina leƙensu ta tsagar zana har dawa ta haɗiye su. Baba bai taɓa tafiya da ni ko'ina ba sai majami'a. Me suke faɗa? Da safe in zan tafi makaranta sai in bar babbar hanya in bi ta gonaki, don ƙasar damina tana riƙe sawu. Hanyar siririya ce tsakanin gonar wani da ta wani, mutum biyu ba sa jerawa, sai ɗaya a bayan ɗaya. Ga sawun Baba da cinyayyar dunduniya, ga na silifas ɗin Yaya a cikinsa, kamar da gangan take takawa inda ya taka. Ina bi ina karantawa. Nan sun tsaya, sawu ya juya ya fuskanci juna, to nan ya gaya mata wani abu. Nan a gindin ɗorawa ciyawa ta kwanta wuri biyu, kusa da juna. Nan sawunta ya yi nisa da juna, ta yi sauri ke nan, ko dariya take yi. Na cika wuraren nan da magana daga kaina: yana ce mata ita ce hasken gidansa, yana ba ta labarin ƙuruciyarsa, yana gaya mata abin da bai gaya wa kowa ba. In na isa makaranta cikina na ci kamar na sha barkono.

Dole in bayyana muku wata al'ada ta majami'armu, don ku a birni kuka taso ba ku san ta ba. Ran Laraba da la'asar ana taron addu'a, kuma akwai lokacin da mai jagora ke tambaya ko akwai mai roƙon addu'a. Amma ba wanda ke roƙa wa kansa. Ba a rubuta ba, ba fasto ne ya hana ba, kunya ce kawai irin tamu. Mace za ta tashi ta roƙa wa maƙwabciyarta, miji ya roƙa wa matarsa, in kana da damuwa sai ka jira wani ya gani ya tashi dominka. Wanda ya tashi ya ce a yi mini, za a ce ba shi da kowa ke nan, ya kuma tona asirin gidansu. Laraba bayan Laraba ina zaune a bencin baya ina jin ana tashi domin Saratu. Ina jira wani ya dube ni. Gwaggo Tabita ma, mai idon nan, idonta na kan Yaya.

Larabar da abin ya faru, da safe malamin lissafi ya ba mu gwaji, na miƙa takarda babu komai sai sunana. Fasto ya yi tafiya, Baba ne ke jagora. An yi ruwa da rana, kwanon rufi na ɗiga a kusurwa cikin wani tsohon gwangwani. Baba ya ce, "Akwai sauran mai roƙo?" Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ko karatun aya ba na yarda a ba ni. Kawuna suka juyo.

"A yi wa wata yarinya a gidanmu addu'a," na ce, ina kallon yatsun ƙafata. "Ba ta samun barci. Cikinta na zafi. In ta riƙe biro hannunta rawa yake yi, abin da ta karanta zubewa yake yi."

"Allah sarki," in ji wata mata a gabana. "Ɗan'uwa rabin jiki."

"Kun ji yarinya mai hankali," in ji wata. "Ashe tana magana."

Idon Baba ya kawo ruwa. Ya roƙi Gwaggo Tabita ta yi addu'ar. Gwaggo ta miƙe da sandarta ta ɗaga murya, ta kai Saratu gaban Ubangiji, da suna, daga kai har ƙafa. Ta gode wa Allah da ya ba Saratu ƙanwa mai tausayi. Jama'a na amsa amin, Yaya na zaune kusa da Mama ta sunkuyar da kai. Addu'ata, da na kwashe duk ƙarfin da nake da shi na roƙo, ita ma an ɓare an kai mata a kwano. Aka shafa, kowa ya zauna. Ni ban zauna ba. Ba jarumta ba ce, kishi ne ya riƙe mini gwiwa.

"Rifkatu, zauna mana, an yi," in ji Baba.

"Ba ita ba ce, Baba. Ni ce."

Ɗigar ruwan nan a gwangwani, har yau ina jin ta. Wani yaro ya yi dariya uwarsa ta make shi. Mama ta jawo ɗankwalinta ya rufe goshi. Gwaggo ce ta tako har bencin baya, ta kama hannuna ta juya shi, ta dubi faratan, ta daɗe tana duba. Sannan ta rufe ido ba ta sake ni ba.

"Ya Uba, kai ka san wadda take nufi tun farko, mu ne ba mu sani ba. Ga Rifkatu. Ka gafarta mana idanunmu."

Iyakar addu'ar ke nan. Ita ce ta farko da na ji sunana shi kaɗai a ciki, kuma ba zan ɓoye muku ba, ta yi mini daɗi kamar ruwan randa.

Daɗin bai kai gida ba. Muna shiga zaure Mama ta juyo.

"Kin tsinka mu a gaban jama'a. Ba ki da baki a gida ne?"

"Ina da shi, Mama. Ban san ta inda ake farawa ba."

Gwaggo, da ta biyo mu, ta matso kusa da ni. Ta zame ɗankwalina ta juya kaina wajen haske. Mama ta ga wurin da gashi ya tafi, ta zauna a ƙasa inda take tsaye. A unguwa kuwa magana ta yi ta yawo. Wasu suka ce kwaikwayo nake yi, ƙwai nake so. Wasu suka ce gidan dattijo akwai abu, 'ya'ya biyu a shekara ɗaya, a bincika bangaskiyarsa. Baba ya daɗe bai sake tsayawa gaban jama'a ba. Yaya kuma ta same ni a bayan ɗaki, idonta ja.

"Ciwon ma sai kin yi kishinsa? Ɗauki, na ba ki duka. Ki ba ni lafiyarki da barcinki."

"Wane barcin?"

Na nuna mata daronta, da sauran ruwa a ciki. Ta dube shi, ta sa ƙafa ta kifar, ta wuce. Ta daina yi mini magana, ko a kan tabarma bango take fuskanta.

Baba ya ɗauke ni a keken nan zuwa Bagwai. Malamin asibitin ya ce gyambon ciki ya fara, ya ba ni magani, ya maimaita mini duk abin da ya gaya wa Yaya, ya kuma ce wa Baba gidan da mutum ɗaya ya kwanta, a riƙa duba wanda ke tsaye. A hanyar dawowa, ina bayansa ina riƙe da rigarsa, Baba ya yanke hukunci ba tare da ya juyo ba: ba zan zauna jarrabawar kimiyya ba. Na ce sau ɗaya ake yi. Ya ce ya sani. Na ce zan bar daro, zan ci abinci, zan yi duk abin da aka ce. Ya ce ya riga ya ga inda hanyar nan ta kai ɗaya, ba zai tsaya ya ga ta biyu ba. Na yi kuka har bayan rigarsa ya jiƙe. Har yau ban tabbata ya yi daidai ba, shi ma bai tabbata ba har ya koma ga Ubangiji. Abin da na sani shi ne, da na yi shiru a majami'a, da na zauna jarrabawar. Ko da zan iya riƙe biro a ranar, wannan Allah kaɗai ya sani.

Aka raba aiki. Baba ya riƙa kai hatsi inji a keke, Yaya da ta fara ƙarfi ta karɓi ɗiban ruwa, ƙwai ya zama biyu. Da yamma Baba ya tsaya a zaure ya ce, "Saratu, Rifkatu, mu je." Na jefar da taɓarya har ta kusa fasa ƙwarya. Muka shiga siririyar hanyar nan, Baba a gaba, Yaya a bayansa, ni a ƙarshe. Na buɗe kunne ina jiran maganar da na yi wata da watanni ina ƙagawa. Shiru. Sai ƙarar takalmi da ganyen dawa na gogar kafaɗa. Muka iske Malam Sale, mijin Inna Habi, yana cirar ciyawa a gonarsa.

"Dattijo, yau garken ya ƙaru."

"Ya ƙaru, Malam."

"To Allah ya ba da lafiya, ya raba mu da abin da ya fi ƙarfinmu."

Muka wuce. Inda na ga sawu ya juya ya fuskanci juna, Baba ya tsaya, ya juyo. Na riƙe numfashi. Ya ɗaga ganyen wake ya nuna mana tsutsa a ƙarƙashi, ya yi tsaki, ya ci gaba. Yaya ta waiwayo ta dube ni, karo na farko tun ranar daro.

"Kin ga sirrin?" ta ce ƙasa-ƙasa. "Jiya kuma maganar takin zamani ce."

A gindin ɗorawa muka zauna. Baba ya ce mu ja numfashi a hankali mu sake, kamar mai hura wuta ba ya son toka ta tashi. Muka yi ta yi har na ji kafaɗuna sun sauko, ban ma san a ɗage suke ba. Sannan ya ce ga yadda suke yi: kowa ya faɗi abu ɗaya da ya yi masa nauyi yau, da baki, ba a zuci ba, kuma ba shi za a gaya wa ba, Ubangiji za a gaya wa, saura su ji kawai. In an faɗa an bar shi a nan, ba a komawa da shi gida. Shi ya fara.

"Ubangiji, ina tsoron ruwa ya ɗauke kafin dawa ta fid da kai." Sai ya ƙara da cewa, "Yau biyu zan faɗa. Ina da 'ya a gabana, tana ba ni ruwan wanka kullum, ban gan ta ba."

Yaya ta ce tana tsoron komawa makaranta a nuna ta da baki. Sai ni. Na nemi abu mai kyau da zan faɗa, na jarrabawa ko na ciki, amma an ce wanda ya fi nauyi.

"Ubangiji, ina kishin Yaya."

"Amin," in ji Baba, don bakinsa ya saba.

Yaya ta fashe da dariya. Dariyarta ta dā, mai ƙarfi, wadda ba mu ji ba tun da motar nan ta kawo ta, har tsuntsaye suka tashi daga ɗorawa. Baba ya rikice yana cewa ba amin ɗin a ci gaba yake nufi ba. Ni ma na yi dariya, muƙamuƙina na ciwo. Muna nan har ladan ya kira magariba daga masallacin su Malam Sale, wanda shi ne agogon komawarsu.

Ban warke a ranar ba, kuma kishin bai mutu ba. Na ci gaba a makarantar jeka-ka-dawo, na zama malamar firamare. Innarku Saratu ta koma ta ci jarrabawarta, ita ce ta zama ma'aikaciyar jinya, aikin da na so wa kaina. Har gobe in na gan ta cikin fararen kaya wani abu na ɗan motsawa a ƙirjina. Bambancin shi ne yanzu na san abin yi da shi. In faɗa wa Ubangiji da baki, in ci abinci, in taka ƙafa, in kwanta da wuri. Wani lokaci in kira ta a waya in gaya mata, ta ce amin, mu yi dariya. Shi ya sa nake fitar da ku da yamma kuna gunaguni, shi ya sa ba na karɓar "ba komai", kuma shi ya sa na fi matsa wa wanda ya fi shiru a cikinku. Auta, uwarki ba dutse ba ce. Ki riƙa tambayata ya jiki.

Washegarin tafiyar farko na sake bin hanyar gonaki zuwa makaranta. Ba a yi ruwa ba, sawun na nan. Na yi zaton zan ji haushi, tunda har yanzu Yaya ce ke bin bayan Baba, ni a ƙarshe. Na durƙusa na duba. Na Baba na ƙasa, da ƙyar ake gane dunduniyar. Na Yaya na kansa. Na ƙarshe a layi kuwa, shi ke takawa a kan na kowa. Duk wanda ya bi hanyar nan da safen nan, nawa zai fara gani.